Ranar da Ba Wanda Ya Tafa

Mijina mai yankan gilashi ne, kuma duk wanda ya san shi zai ce an yi kuskuren sana'a. Tun yana yaro uwarsa take ce masa Guguwa, sunan ya bi shi har shago. In yana cin abinci ƙafarsa na rawa a ƙarƙashin tebur. In ya ɗauko maka labari sai ya ajiye shi a tsakiya ya kama wani, kai ne za ka bi shi da tuni. A yatsunsa babu wanda ba shi da tabo, filasta kuwa a gidanmu ta fi gishiri saurin ƙarewa.

Ni ma ba sanyi ne da ni ba. A gidan burodi nake aiki, tun asuba ina gaban tanda, in na dawo ba ni da sauran haƙurin da zan ba kowa. Mukan yi faɗa mu shirya kafin shayi ya huce, 'yarmu da muke kira Firit tana tsakani tana raba mu da cokali. Haka muke, kuma ni ban taɓa kai ƙarar zaman wurin kowa ba.

Abin da ya kai shi koyon takobi madubi ne. An kawo aikin wani babban madubi na shagon aski, ya ɗora ma'auni, ya ja layi, hankalinsa ya tafi wajen wata mota da ke ƙara a waje. Madubin ya tsage ta inda ba a so, ya yanke shi a wuyan hannu, saura kaɗan ya taɓa jijiya. Mai gidansa ya ce ko dai ya nemo inda ya ajiye hankalinsa, ko ya nemi wani aikin. A nan ne wani mai saye ya ba shi labarin wani tsoho da ke koyar da wasan takobi irin na mutanen Japan a saman wani shagon katifa, wai ba don faɗa ba, don mutum ya iya riƙe kansa.

Sau ɗaya na leƙa wurin, ranar da ya manta makulli. Dogon ɗaki ne mai daɓen katako, tagogi biyu, takubban itace a jere a jikin bango. Na tarar da mutumin da bai san inda tsintsiyar gidansa take ba ya yi goho yana tura jiƙaƙƙen tsumma daga wannan bango zuwa wancan. Tsohon yana tsaye a gefe, siriri, kansa fari fat. Ya yi shekaru yana gyaran injin jirgin ruwa a Japan, a can ya koyo. Sensei suke ce masa, wato malam, kuma in yana magana sai ka matso kafin ka ji.

Suna da wani zama da suke yi a ƙarshen kowane horo. Su durƙusa a layi ɗaya, tsofaffin ɗalibai a wannan gefe, sababbi a wancan, Sensei yana fuskantarsu. Hannu a cinya, ido a rufe, ba motsi, har sai ya tafa hannu sau ɗaya. Tafin nan shi ne sallama. Kafin shi ko ƙuda ya sauka a hancinka ba ka da ikon korarsa. Wannan zaman shi ya gagari Guguwa. Saran takobi ya iya, ihun da suke yi ma ya fi kowa, amma da an rufe ido sai ya saci kallo da ido ɗaya, kuma kullum sai ya yi karo da idon tsohon.

"Kin san me ya ce mini?" ya tambaye ni wata Asabar da safe, yana neman ɗaya takalminsa a ƙarƙashin kujera. "Wai takobina ba laifi, zama ne ban iya ba. Ya ce in ba shi zama ɗaya tak, wanda ko ginin ne ya rufto ba zan buɗe ido ba sai na ji tafinsa."

"Kai ɗin? Gara ya roƙi kaza ta daina tono."

"Za ki gani. Yau zan ba tsohon nan mamaki."

Ya ɗaga Firit sama ya sauke, ya fita ya bar ƙofa a buɗe kamar kullum.

Sai bayan azahar ya dawo. Ya rufe ƙofa a hankali, ya cire takalmansa ya jera su, bakinsu na kallon waje. Ya ce, "Sensei ya rasu," da muryar da ake cewa ruwa ya tafasa. Na yi salati, na kama hannunsa, na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce a zaune ya cika, a wurin horo. Bai ƙara komai ba, ni kuma na ɗauka baƙin ciki ne ya ɗaure masa baki, na ƙyale shi.

Sati ya wuce, wata ya wuce, bakin bai kwance ba. Ba wai ba ya magana ba, in ka tambaye shi zai amsa daidai tambayar, ya tsaya. Ƙafar nan ta daina rawa. Ya gyara famfon kicin da ya shekara yana ɗiga, ya daidaita ƙofar kabad, ya wanke tagogi ba wanda ya sa shi. A shago mai gidansa ya koma ba shi ayyukan da da shi kaɗai yake taɓawa, har yana nuna shi ga baƙi. Surukata ta zo ta ga ɗanta zaune tsaf yana sauraronta har ta kai aya, ta share hawaye ta ce addu'arta ce ta ci. Maƙwabciyata ta ce in ba ta adireshin wurin ta tura nata.

Ni kaɗai ce abin yake tsorata. In ya dube ni, ba ni yake kallo ba, ɗakin gaba ɗaya yake kallo, ni da labule da agogon bango duk ɗaya. Yadda ya kwanta rigingine, hannuwa a cinya, haka zan bar shi in zan fita aiki, bargon ko yamutsewa bai yi ba. Na tsokane shi ta kowace hanya. Na zuba masa gishiri a shayi, ya shanye ya wanke kofin. Na tono wani tsohon faɗa da muka yi a kan ƙanwarsa, na zazzaga masa son raina, ya saurara har na gaji, ya ce, "Kin yi gaskiya." A duk zamanmu mutumin nan bai taɓa ce mini na yi gaskiya ba sai in wani abu yake so.

Kuma ba zan yi masa ƙarya ba, bai rage ni da komai ba, na ci da sha ko na tsakanin miji da mata. Shi ya sa na rasa bakin da zan faɗa wa wani. Me zan ce? Mijina ya gyaru, ku taimake ni?

Firit ce ta fara ja da baya. Ta daina hawa wuyansa, ta daina sa hannu a aljihunsa. Wata rana da yamma ina tsefe mata kai ta ce, "Mama, yaushe Baba zai dawo?"

"Ga shi can a falo."

Ta leƙa, ta dawo ta zauna. "Ba shi ba. Babana."

Bayan wannan da 'yan kwanaki ƙofar banɗaki ta datse mata yatsa, farcen ya ɗaga, jini ya ɓata mata riga. Da Guguwa ne, kukansa sai ya fi nata, sai na rasa wa zan fara rarrashi. Wannan ya durƙusa, ya wanke yatsan, ya naɗe shi da kyau kamar aikin asibiti. Ina tsaye a kansa ina kallon jijiyar wuyansa, bugunta bai ƙaru ba ko kaɗan. Yarinyar ma shiru ta yi, ba don ciwon ya daina ba, don tana tsoron yin kuka a gabansa.

Sai kuma na gane ina da ciki. Lokacin na Firit, da na gaya masa, da gudu ya sauka bene ba takalmi zai sanar da maƙwabta, ya zame ya fasa gwiwa. Wannan karon na same shi yana goge ma'auninsa, na faɗa masa. Ya ce, "To. Ki rage ɗaukar buhun fulawa." Ya ci gaba da goga. Na shiga kicin na yi kuka mai isata, da na gama na wanke fuska na ce sai na san abin da ya faru a ɗakin nan.

Babbar ɗalibar tsohon wata ma'aikaciyar jinya ce, Anti Nas suke kiranta, mace mai faɗin kafaɗa da ba ta son doguwar magana. Na same ta a asibitin da take aiki, muka tsaya a baranda kusa da tankin ruwa.

"Anti, ranar da Sensei ya rasu, me ya faru? Ki faɗa mini tun daga farko."

Ta ce sun gama horo, sun yi layi, sun rufe ido. Zaman ya yi tsawo, ya wuce na kullum, ya wuce duk wanda suka taɓa yi. Ƙafafu suka mutu, ba wanda ya motsa, kowa na tsammanin gwaji ne. Ita ce daga baya ta kasa jin numfashin tsohon, ta buɗe ido. Yana nan zaune yadda yake, bayansa a miƙe, hannuwa a cinya, sai dai da ta taɓa shi ya fara sanyi. Ta yi ihu, kowa ya zabura, aka yi ta guje-guje, wani waya, wani ruwa.

"Mijina fa?"

"Shi bai tashi ba. Har aka kawo abin ɗauka yana durƙushe, ido a rufe. Muka yi ta kiransa. Sai da maza biyu suka ɗaga shi ta hammata, sannan ya buɗe ido ya kama mana muka sauko da gawar. Wallahi har yaba shi muka yi."

"To wa ya tafa?"

Ta dube ni. Na ga tambayar tana shigarta a hankali.

"Ba wanda ya tafa," ta ce.

Ban san lokacin da muryata ta ɗaga ba. Na ce manya da ku, kun yi shekaru kuna koyon ladabin shiga da na fita, kun san inda ake ajiye takalmi da inda ake ajiye takobi, amma kuka buɗe zama kuka watse ba ku rufe ba. Ku duk kun karya doka kun tsira, shi da ya kiyaye ta sau ɗaya a rayuwarsa kuka bar shi a ciki.

Da na koma gida na tsaya a gabansa na tafa hannu da ƙarfi. Ya ɗago ya ce, "Sauro ne?" Na kira Anti Nas a waya, ta ce ba haka ake yi ba. Sai a ɗakin, a layi, kuma sai wanda ke zaune a wurin Sensei ne zai tafa. Na ce to ta zo ta zauna. Ta ce ita ba ta kai ba, ba wanda ya taɓa zama a wurin, ba za ta fara ba.

Haka ta yi ta waina ni, yau aiki, gobe tafiya, har cikina ya fito na daina iya ɗaura zanen aiki. Sai na ji mai katifa zai mayar da saman wurin ajiyar kaya, zai sa a ɓamɓare katakon. Na je asibitin na zauna a kan bencin masu jira tun safe, duk wanda ya tambaye ni me ke damuna in nuna ta in ce ita ce. Kafin la'asar ta fito ta ce Asabar.

Mijina kuwa da na ce masa za mu je wurin horo, "To" ya ce, ya ɗauko kayansa a ninke. Muka kai Firit wajen surukata, muka tafi. Sai da muka isa gindin benen, tsakanin shagon katifa da wani mai gyaran waya, sannan ya tsaya. Tun ranar da ya dawo ban ga ya ƙi wani abu ba sai a nan.

"Ba sai mun hau ba," ya ce.

"Sai mun hau."

"Akwai abin da na yi miki ba daidai ba?"

"Babu."

"Yarinyar fa? Aikin fa?"

"Duk ka yi daidai."

"To me ya sa?"

Karo na farko ke nan da ya dube ni ni kaɗai, ba tare da titi da motoci ba. Abin da ban zata ba, tausayinsa ya kama ni. Na ce, "Mijina nake so." Ya sunkuyar da kai kaɗan kamar yadda suke yi a bakin ƙofa, ya fara hawa.

Ɗalibai kaɗan ne suka zo. An riga an jibge katifu cikin leda a rabin ɗakin, wurin na warin sabon soso. Ƙura ta kwanta a katakon ko'ina, sai wuri ɗaya can ƙarshen layi, gefen sababbi. A nan akwai shaidar gwiwa biyu da ta yatsun ƙafa, tas, kamar yanzu aka tashi. Anti Nas ta durƙusa ta ɗora tafin hannunta a kai, ta janye da sauri. Daga baya ta ce mini wurin da ɗumi yake. Suka jiƙa tsumma suka goge ɗakin, kowa na kauce wa wurin.

Mijina ya je ya durƙusa a kai, gwiwoyinsa suka zauna daidai. Sauran suka yi layi. Anti Nas ta daɗe tsaye kafin ta taka zuwa gaba ta juyo ta fuskance su, ta zauna. Ni ina bakin ƙofa, takalmana a hannu. Ta ce su rufe ido.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Ina jin mai katifa a ƙasa yana ciniki, amma kamar daga wata unguwa. Idona na kan bayan mijina. Anti Nas ta ɗaga hannuwanta, suka tsaya a iska, gumi na bin wuyanta. Na ce a raina, in matar nan ta fasa, da hannuna zan haɗa mata su. Sai ta tafa. Ƙarar ma ba wata babba ba ce.

Mijina ya ja numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ya kife gefe guda yana riƙe da ƙafafu.

"Wayyo ƙafata, wayyo ni. Amma na yi! Sensei, ka gani ko? Ban buɗe ba." Yana dariya yana murza idon sawu. Sai ya ɗago. "Anti, me kike yi a wurin Sensei? Katifun nan fa, yaushe aka shigo da su?" Ya waiwayo ya gan ni. "Ke kuma, na sake manta makulli ne?"

Anti Nas ce ta gaya masa. Ya fashe da kuka, irin kukansa mai majina da sambatu, yana cewa ai yanzun nan tsohon ya gyara masa riƙon takobi. Ban taɓa jin daɗin kukan mutum kamar ranar ba. Na rungume kansa, ina kuka ina zaginsa.

Ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, sai a tsakiyar bene muka zauna, sauran suka wuce suka ba mu wuri. Na tambaye shi abin da ya sani. Ya ce babu, duhu ne kawai, da ƙaiƙayi a hanci, da yunwa. Ya ji hayaniya, an kira sunansa, ya ce dabarar tsohon ce, ba zai faɗa ba.

"Har na kusa buɗewa fa," ya ce. "Na tuna kina jirana. Sai wani ya zo ya durƙusa kusa da ni, ya dafa mini kafaɗa, ya ce, zauna abinka, ni zan je maka."

"Wa?"

"Ina zan sani? Ido a rufe."

"Muryar fa?"

Ya yi tunani. "Kamar tawa. Amma a hankali."

A nan ne idonsa ya sauka a cikina. Fuskarsa ta washe, ya buɗe baki zai yi ihu, har ya yunƙura zai miƙe. Sai ya koma ya zauna. Ya dubi yatsunsa, ya ga duk tabon sun tsufa, babu sabon yanka ko ɗaya. Ya sake duban cikin.

"Da safe da na fita babu wannan," ya ce.

"Babu."

Na jira ya yi faɗa, na ma shirya amsa. Bai yi ba. Ya miƙo hannu ya ɗora a kai.

"Yana motsi?"

"Likita ta ce lafiyarsa lau," na ce. "Ba ya dai motsi. Ta ce ita ba ta taɓa ganin ɗa mai natsuwa a ciki irinsa ba."

Bai janye hannun ba, ni ma ban ture shi ba. Muka zauna a nan muna jira, har mai katifa ya leƙo ya ce zai rufe ƙofar bene.